Son Zuciya da Horon Rai cikin Waƙoƙin Wa'azi da na Bege

Tun shekarar 1896, sa'ad da C. H. Robinson ya buga waɗansu waƙoƙin Hausa na ajami tare da fassararsu a Kambirij ta ƙasar Ingila, masu nazari suka saba duban waƙar wa'azi ta fuska guda. A ganinsu waƙa ce ta ƙin duniya: mawaƙi ya tsoratar da mai sauraro da mutuwa da kabari da wuta, ya umurce shi ya kashe sha'awarsa, shi ke nan. Da Mervyn Hiskett ya fito da littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975, ya rarraba su aji-aji, wa'azi daban, madahu daban, sufanci daban. Rabon yana da amfani ga ɗalibi, amma ya kan ɓoye wata igiya da ta ɗaure azuzuwan nan wuri guda. Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne, manyan mawaƙan Hausa ba kashe sha'awa suka nema ba, sun nemi a juya mata alƙibla ne. Kuma waƙar wa'azi rabin wannan aiki kaɗai ta ke iya yi, sauran rabin yana hannun waƙar bege.

Wajibi ne tun farko a tuna da waɗanda aka yi wa waƙoƙin nan. Toranke gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Ajingi, cikin ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano. A gari irin wannan, kamar sauran garuruwan karkarar Kano, waƙar wa'azi ta kan iso ne ta bakin almajiri mai bara, ko makaho a kasuwa, ko malami mai tafsiri da azumi wanda ya jefa baiti don ya farkar da masu gyangyaɗi, ko tsohuwar da ta haddace tun tana budurwa. Daga baya ta rediyo da kaset, yanzu kuwa har ta wayar hannu. Mafi yawan masu jin ta ba su taɓa ganin ta a takarda ba. To, mutumin da abincinsa tuwon dawa ne da miyar kuka, wanda rumbunsa kan yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, idan aka ce masa ya guji daɗin duniya, wane daɗi a ke nufi? Za a dawo ga wannan tambaya, amma sai an fara bin kalmomin kansu.

Hausa tana da kalmomi da yawa na jan da rai kan yi zuwa ga abu, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Kwaɗayi kullum abin zargi ne. Asalinsa na ciki ne da maƙogwaro, sa'an nan ya yaɗu zuwa kuɗi da sarauta, shi ya sa a ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Marmari ba shi da laifi, gajeren abu ne, da an ɗanɗana ya wuce. Sha'awa daga Larabci aka aro ta, amma ta yi sanyi a bakin Bahaushe: a littattafan fiƙihu da sufanci kalmar tana da nauyi da ƙazanta, alhali kuwa a Hausa yaro mai ladabi abin sha'awa ne, gona mai kyau tana da ban sha'awa. Malamin makarantar horon malamai da ya ke fassara wa ɗalibansa kalmar Larabcin da takwararta ta Hausa kai tsaye, ba tare da wani bayani ba, ya rage mata zafi bai sani ba. Bege kuwa shi ne jan rai zuwa ga wanda ba ya nan, uwa ko gida ko masoyi, kuma akwai sa rai a cikinsa. Ba a zargin mutum don ya yi bege.

Kalmar da mawaƙan wa'azi suka fi riƙewa ita ce son zuciya, kuma ginin ta ya cancanci a tsaya masa. Idan aka ce son kuɗi, kuɗi maf'uli ne, su a ke so. Idan aka ce son uwa, magana ta rabu biyu, ko uwa ce ta ke so, ko ita a ke so. Haka son zuciya ya ke: yana iya zama abin da zuciya ta ke so, yana kuma iya zama son da mutum ya ke wa zuciyarsa, watau shagwaɓa ta. Karin maganar nan da ta ce son zuciya ɓacin zuciya a kan wannan harshen damo ta tsaya. Bayan wannan, nahawun Hausa ya kan raba mutum gida biyu duk sa'ad da aka zo wannan batu. A kan ce zuciya ta ɗebe shi, ransa ya biya, ya bi son ransa. A kan kuma ce ya danne zuciyarsa, ya fi ƙarfin zuciyarsa, ya ba zuciyarsa haƙuri. Cikin dukan waɗannan, zuciya kamar wata halitta ce da ta ke zaune gida ɗaya da mutum, wadda a ke iya rinjaya ko lallashi. Abin lura shi ne babu inda harshen ya yabi kashe ta. Mutuwar zuciya a Hausa zagi ne, sifar rago ce wanda ya daina neman na kansa, ya zauna jiran na wani. Mawaƙin da zai ce wa Bahaushe ya kashe zuciyarsa domin ya tsira, da harshensa zai fara faɗa.

Littattafan Larabci da malaman ƙasar nan suka sha daga gare su ba su saɓa wa wannan ba. Daga Alƙur'ani sufaye suka ɗauko matakai uku na rai: mai yawan umurni da mugunta, wanda aka ambata cikin Suratu Yusuf, mai zargin kansa, cikin Suratul Ƙiyama, da natsattse, cikin Suratul Fajri. Rai ɗaya ne ya ke hawa daga mataki zuwa mataki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddini ga horon rai, wani kuma ga karya sha'awa biyu, ta ciki da ta farji. Duk da kaifin wannan suna, ya bayyana sarai cewa tumɓuke sha'awa ba shi yiwuwa, ba a kuma so, gama in babu ita babu ci, babu aure, babu zuriya. Abin nema shi ne a mai da ita tsaka-tsaki, yadda a ke horar da doki ko karen farauta. Labarin kafuwar Kano ya ce maƙeran Gaya ne suka fara sauka gindin Dala suna neman tama, saboda haka jikokinsu ba za su sha wuyar gane maganar ba: ƙarfen da ya kashe mutum, shi ne dai ya ke zama garma idan ya sha wuta da guduma. Ƙasidar Burda ta Busiri, wadda a ke karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, ta keɓe fasali guda ga wannan batu, inda ta kamanta rai da jariri mai shan nono wanda sai an yaye shi ya ke bari, ta kuma yi gargaɗi cewa yunwar ganganci tana da nata sharrin kamar yadda ƙoshi ya ke da nasa. Yaye ba kisa ba ne; wanda aka yaye abinci ya sauya.

A nan ne tafarkin ya rabu da na waɗansu al'ummai, kuma kwatancin yana taimakawa. Koyarwar Buda a ƙasar Indiya ta ɗauki ƙishirwar rai ita ce tushen wahala, kuɓuta kuwa ita ce mutuwar wannan ƙishirwa kamar yadda fitila kan mutu. Ruhubanawan Kirista na hamadar Masar sun bar aure da dukiya suka shige kogo. Musulunci bai shar'anta ruhubananci ba, kuma babu wata waƙar Hausa sananniya da ta zana matuƙar tsira a kamannin rashin son kome. Ƙarshen tafiya a wurin mawaƙan Hausa kullum samu ne.

Shugabannin jihadin Sakkwato su ne suka kafa wannan fanni da ƙafafunsa cikin Hausa da Fulatanci. Muhammadu Bello ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, cewa cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kan karantar a majalisinsa akwai halayen zuciya masu halakarwa, irin su jiji da kai da girman kai da hassada da riya, da kuma masu tserarwa, irin su tuba da zuhudu da tawakkali. Wannan rabo na Gazali ne. Amma abin da ya ba maganar nauyi shi ne abin da ya faru bayan nasara. Shekara uku kacal bayan hijira zuwa Gudu ta 1804, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda jama'arsa suka karkata ga ganima da dawaki da ƙwaraƙwarai da neman muƙami, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. A Kano ya yada zango, mutanen gari suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, ya yi musu tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami bisa ƙa'idodin mulki, sa'an nan ya koma gida. Shi da kansa ya ba da wannan labari cikin Tazyinul Waraƙati. Abin dubawa shi ne, mutumin da ya guje wa duniya bai ƙare a kogo ba, ya ƙare yana rubuta wa masu mulki yadda za su riƙe ta.

Waƙar Tabbat Haƙiƙa daga wannan damuwa ta fito. Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Wanda ya bi baitocinta zai ga akasarin gargaɗin ga masu iko ya nufa: mai mulkin da ya ke cin talakawa, alƙalin da ya ke karkata hukunci, mai ƙwace abin da ba nasa ba. Son zuciyar da a ke zargi a nan yana da suna da adireshi, kuma yana da wanda ya ke cuta. Wannan shi ne rabin amsar tambayar da aka yi game da manomin Toranke. A asalin fannin, kiran zuhudu ga mai abu aka fara yin sa, talaka kuwa yana saurare ne kamar wanda a ke karanta masa hukuncin da zai hau kan wanda ya zalunce shi. Ƙarfin waƙar ya zo ne daga amshinta, wanda shi ne sunanta, yana faɗowa ƙarshen kowane baiti kamar hatimin alƙali.

Sai maganar 'yanci, wadda ita ma harshe ya riga ya shirya mata wuri. A Hausa kalmar ɗa tana nufin abin haihuwa, tana kuma nufin wanda ba bawa ba, daga nan 'yanci da 'yantarwa suka fito. Jama'ar da aka fara rera wa waƙoƙin nan sun san bauta ido da ido, domin sai a 1936 doka ta kawar da ita gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Sun san murgu, watau kuɗin da bawa kan riƙa biyan ubangijinsa don ya bar shi ya yi aikin kansa, sun san fansa, wadda ita ce biyan da ke raba shi da bauta har abada. Don haka sa'ad da mai wa'azi ya kira mutum bawan ciki ko bawan zuciya, ba adon magana kawai suka ji ba. Sufaye tun daga Ƙushairi, wanda ya yi babi guda na 'yanci cikin Risalarsa, har zuwa Ibn Aɗa'illahi mai Hikam, sun tafi a kan cewa mutum bawan abin da ya ke kwaɗayi ne, kuma ba ya zama ɗa sai bautarsa ta taru wuri ɗaya. Bahaushe ya kan kira mutumin kirki bawan Allah, yabo ne kuwa. Har karatun hailala dubu saba'in da a ke yi wa mamaci, fida'u a ke ce masa, watau fansa. Tsira a wannan tunani sauyin ubangiji ce.

To, yaya waƙar wa'azi ta ke ƙoƙarin kai mai sauraro ga wannan sauyi? Waƙoƙi irin su Gangar Wa'azu da Baƙin Mari, waɗanda a ke dangantawa ga Muhammadu na Birnin Gwari, da ire-irensu na ƙarni na 19, tafarkinsu kusan ɗaya ne. A muzanta duniya, a tuna da sarakunan da suka shuɗe, a kai mutum bakin kabari, a nuna masa tambaya da awo da siraɗi, a daɗe ƙwarai cikin wuta da macizanta da sarƙoƙinta, sa'an nan a buɗe masa ƙofar Aljanna. A wannan ƙofa ce mai nazari ya kamata ya tsaya, gama a nan ne ra'ayin da ya ce fannin na ƙin sha'awa ne ya ke rushewa. Aljannar waƙar wa'azi cike ta ke da abin da aka hana mutum a baitocin farko: tufafin alharini, gidajen zinariya, ƙoramun madara da zuma, mata kyawawa, hutu marar yankewa. Mawaƙi bai ce wa mai sauraro ya daina so ba, ya ce masa ya jinkirta, domin abin da ke gaba ya fi. Lissafin fatake ne, kuma ba mamaki da ya sami karɓuwa a ƙasar da ta san Gwanja da ribar doguwar tafiya.

Amma nan ne kuma rauninta ya ke. Kwaɗayin da aka ɗaga wa rana yana nan a matsayinsa na kwaɗayi. Ran da ya bar giyar duniya domin ya sha ta Lahira an ɗaure shi ne, ba a sauya shi ba. Murgu ya ke biya, fansa ba ta zo ba tukuna. Ta fuskar fasaha ma abin ya nuna. Baitocin wuta su ne masu rai, cike da aikatau masu motsi da sauti mai firgitarwa, na Aljanna kuwa sau da yawa jerin sunayen kaya ne kamar lissafin lefe. Wanda ya saurari irin waɗannan waƙoƙi da yawa zai tarar azabar ita ta ke maƙale masa, ni'imar ta bi iska. Sufaye da kansu sun san wannan aibi, shi ya sa labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda aka ce ta ƙi bauta don tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna, bai taɓa gushewa daga bakinsu ba.

Akwai wani aibi na biyu wanda bai kamata malami ya tsallake shi a aji ba. Fannin ya gaji al'adar kamanta duniya da mace mayaudariya, tsohuwa mai kwalliya, mai auren mazaje tana binne su. Har karin magana ya ce duniya budurwar wawa. Hoton yana da ƙarfi, amma ya ɗauka cewa mai sauraro namiji ne, mace kuwa tarkon da aka kafa masa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bi wata hanya. Cikin Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta jero mata salihai tun daga iyalan Annabi, ta haɗa da Rabi'a, har zuwa matan zamaninta, ta mai da mace mai horon ranta da kanta. Jajis ɗinta suka ɗauki irin waɗannan waƙoƙi suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Ba gardama ta yi da hoton ba, ta dai kafa wani a gefensa, kuma nata ya fi dacewa da rabin masu sauraro.

Mawaƙan ƙarni na 20 da suka fito daga makarantun boko sun ƙuntata batun ta wata fuska. Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta wanda ya rasu a 1958, ya yi waƙar Giya da ta Karuwa, kuma ɗalibai da yawa ta kansu suka fara sanin rubutacciyar waƙa. Harshensa mai kaifi ne, zanensa na mashayi da na mazinaci ba shi mantuwa. Sai dai son zuciya a wurinsa ya koma laifin zaman jama'a: ɓarnar albashi, zubar da mutunci, rushewar gida. Wannan gaskiya ne, amma horon ya tsaya ga barin abin kunya, bai shiga cikin zuciyar da ba ta shan giya ba, alhali tana cike da riya da hassada. Shehu da Abdullahi sun fi jin tsoron na biyun.

Waƙar bege ita ta ke ɗaukar aikin daga inda wa'azi ya ajiye. Tushenta a ƙasar nan Ishiriniya ce ta Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, wadda a ke rerawa da dare a masallatai da zauruka, musamman a watan Mauludi. A Hausa kuwa babu wadda ta kai Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malami na Zariya, yaɗuwa. Sunan kansa daga kalmar Larabci ce mai ma'anar yayewar ƙunci. Waƙar ta haɗa wa'azi da yabon Annabi cikin zare ɗaya, tana fita daga wannan ta shiga wancan ba tare da sallama ba, kuma a nan ne rabon aji-aji ya ke gaza kama ta. Mai sauraro ya kan ji an muzanta masa duniya, amma kafin ya tambayi abin da zai riƙe a madadinta, an riga an cika masa zuciya da son wani mutum da ɗokin ganin wani gari. Abin so ya tashi daga kaya ya koma ga zati. Wanda ya ke bege ba ya lissafin riba, kuma barin abin da masoyi ya ƙi ba ya zama masa ɗauri. Ga kuma abin da duk mai sauraro ya sani ko ba a faɗa ba: mai ɗokin ganin Madina ɗin nan makaho ne.

Abu biyu cikin ginin Imfiraji sun cancanci kulawar mai ilmin harshe. Na farko, masana karin waƙa sun nuna cewa muryarta daga kiɗan Caji aka ɗauko ta, watau daga waƙar dandali ta samari da 'yan mata. Namangi bai yaƙi muryar da mutane su ke so ba, ya karɓe ta ya ɗora mata wani kaya. Abin da Gazali ya faɗa game da doki, shi ne mawaƙin ya aikata da kari. Na biyu, baitocinta masu ɗango biyar ne, kuma babbar ƙafiyar da ta ke rufe su ita ce ba. Wannan a Hausa harafin korewa ne, wanda ya ke zuwa ƙarshen jimla. Lalle mawaƙa da yawa sun yi amfani da wannan ƙafiya don sauƙinta, saboda haka ba za a ce Namangi ne ya ƙago ta ba. Amma sakamakonta a waƙa irin wannan a fili ya ke: ɗango huɗu su tafi da rai cikin zaƙin murya, na biyar ya ja linzami da korewa. Saki da kamu suna maimaituwa baiti bayan baiti, har kunne ya saba da su kafin hankali ya gane.

Ɗariƙun Kano sun bi wannan hanya a aikace. Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya kafa kafin rasuwarsa a Fas a 1815, ta kan kira kanta tafarkin godiya, tana bambanta kanta da tafarkin wahalar da jiki. Bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a aikin hajjin 1937, malaman Salgawa irin su Shehu Abubakar Atiku Sanka da Shehu Tijjani Usman suka karɓi Faila, tarbiyya ta zama abin da ɗan kasuwa da manomi za su iya shiga ba tare da barin rumfa ko gona ba. Ta ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya yaɗa zikiri da bandiri, ya jawo samari da abin da kunnensu ya ke so. Horon bai ragu ba, gama lazimi safe da yamma da wazifa kullum ba ƙaramin ɗauri ba ne ga mai neman abinci. Abin da ya sauya shi ne an sa zaƙi a gaba, ɗaci a baya.

Wannan kuwa bai wuce ba tare da suka ba. Shehu Abubakar Gumi ya fito da littafinsa Al'aƙidatus Sahiha a 1972, aka kuma kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gardama ta kai har ƙauyuka, ta raba masallatai da zumunta. Hukunci bisa aƙida ba aikin wannan takarda ba ne. Amma akwai wani yanki na sukar da ya shafi mai nazarin waƙa, kuma sufaye na farko sun riga kowa faɗinsa: rai yana iya ɓuya cikin ibada kamar yadda ya ke ɓuya cikin shagali. Daɗin murya, da rawar jiki, da hawayen da a ke zubarwa gaban jama'a, duk suna iya zama abincin zuciyar nan da aka ce ana horarwa. Waƙoƙin bege na studiyo da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, da fiyano da amon finafinai, sun sa tambayar ta ƙara tsanani. Namangi ya ari muryar dandali ya yi mata linzami. Da yawa cikin na baya sun ari muryar sun manta linzamin. Ma'aunin da mai nazari zai riƙe shi ne ko waƙar tana neman wani abu daga mai sauraro bayan jin daɗinta.

Saura rabin amsar da aka bari game da manomi. Malaman zuhudu sun yi ittifaƙi cewa barin abin da ba ka da shi ba zuhudu ba ne, kuma yunwar da ta zo da farin 1973, wadda ta kori mutanen karkarar Kano da dama zuwa birni, ba riyala ba ce ta sufi. Haƙuri kalma ce mai daraja, amma a bakin mai iko ta kan zama abin rufe bakin wanda aka cuta, abin da 'yan NEPU suka yi ta faɗa tun kafuwarta a 1950. Waƙar da ta ce wa talaka ya ƙi duniya, ba ta ce wa hakimi kome ba, ta sauka daga matsayin Tabbat Haƙiƙa. Duk da haka talauci ba ya kore son zuciya, sai dai ya sauya masa kama. A ƙauye ya kan fito a rikicin iyakar gona, da rabon gado tsakanin 'yan uba, da tauye mudu ranar kasuwa, da ɓoye hatsi sa'ad da maƙwabci ya ke kwana da yunwa, da cin bashi don bikin da ya fi ƙarfin mai shi. Waɗannan su ne wuraren da baitocin hassada da riya da ƙana'a su ke samun mutumin Toranke, kuma malamin da zai koyar da fannin ga ɗaliban da za su koma irin waɗannan garuruwa, daga nan ya kamata ya ɗauko misalansa.

Yanayin da a ke rera waƙar ma yana cikin ma'anarta, ko da ya ke bugun littafi ba ya nuna shi. Wanda ya fi kowa yawo da Imfiraji a kasuwannin ƙauye shi ne makaho da ɗan jagoransa, da ƙoƙo a hannu. Mai kiran mutane su saki duniya, shi kansa yana neman kaɗan daga cikinta, kuma babu wanda ya ke ganin saɓani a nan. Mai sauraro ya zo kasuwa da lissafinsa a ƙulle, na gishiri da na magani da na kuɗin mota. Idan baiti ya kama shi, ya kan tsaya, ya kwance bakin aljihu, ya jefa wani abu cikin ƙoƙon, makaho ya katse waƙa ya yi masa addu'a, sa'an nan ya ɗora daga ɗangon da ya tsaya.